Yadda za ku fara taimakon masu kwana a titi da masu fama da yunwa a garinku

Jama'a assalamu alaikum. Wannan rubutu na yi shi ne saboda matasa da iyayenmu mata na Marwa, Garwa, Ngaundere, Kusuri a arewacin Kamaru, har da 'yan uwa na tsallaken kogi a Njamena ta ƙasar Chadi, waɗanda kullum suke wuce mutane kwance a bakin kasuwa ko ƙofar masallaci, ransu ya ɓaci amma basu san ta ina za su kama ba. Abin da nake so ku riƙe tun daga nan shi ne, tukunya ɗaya da ake ɗorawa kowane sati ba fashi ta fi babban rabo na rana ɗaya amfani nesa ba kusa ba. A azumi kowa na sadaka, a wasu masallatan ma kunu har ya yi yawa, amma ana sallah da sati biyu sai tukwane su koma ɗaki, alhali yunwa mai tsanani a ƙasarmu tana zuwa ne tsakiyar damina, daga Yuli zuwa Satumba, lokacin da rumbu ya ƙare sabon hatsi bai nuna ba kuma farashi ya hau sama a kasuwa.

Mataki na farko: ku san su waye tukuna

Kar ku fara da sayen shinkafa. Ku fara da ƙafa. Mutum biyu ko uku ku fita bayan isha'i, ku sake fita bayan asuba, ku zaga tasha, rumfunan kasuwa, harabar masallacin Juma'a, ƙarƙashin gada, bakin asibiti, kangon gine-ginen da ba a gama ba. A Marwa ku duba gefen babbar kasuwa da kasuwar Abatuwar da bakin mayo Kaliyawo (mayo shi ne rafin da ke ƙafewa da rani), a Ngaundere ku duba wajen tashar jirgin ƙasa, a Njamena wajen kasuwar Dembe da kasuwar hatsi. Da rana ba za ku gane komai ba don mai bara da rana wataƙila yana da ɗakin kwana, wanda bashi da wurin kwana kuma da rana yana can yana dako ko wanke-wanke a wajen masu abinci.

Ku tambayi mutanen da dare ya saba da su: mai shayi, masu gadin shaguna, 'yan moto, ladan, matan da ke tuyar ƙosai da sassafe. Su suka san wanda ya zo jiya, da wanda ya shekara a wurin, da wanda kwana biyu ba a ganshi ba.

Za ku tarar mutanen nan ba iri ɗaya ba ne, kuma maganinsu ma ba ɗaya ba. Akwai waɗanda rikicin Boko Haram ya koro tun daga 2014, mutanen Kolofata, Amchide, Kerawa, Fotokol da ƙauyukan kan iyaka, suka shigo Mora da Marwa da Kusuri suka rakuɓe. Akwai 'yan uwanmu na Najeriya, da yawa suna sansanin Minawawo kusa da Mokolo wanda aka buɗe a 2013, wasu kuma sun shigo gari neman abin yi. Akwai waɗanda faɗan makiyaya da masunta na Logon Birni a 2021 ya raba da gidajensu, dubbai suka tsallaka Chadi. Akwai na ambaliya, irin wadda ta cinye Waliya da Tukra a Njamena a 2022, da ta 2024 da ta karya gadar Yagwa ta rusa gidaje a Mayo Danay. Sannan ga almajirai, ga yaran titi waɗanda su ba malami ba iyaye a kusa, ga tsofaffi da makafi da guragu, ga masu taɓin hankali, ga ɗan ci-rani da aka sace masa guzuri a tasha ya rasa kuɗin komawa gida.

Akwai kuma wani rukuni da ba za ku taɓa gani a titi ba, kuma su ne suka fi bani tausayi: matar da mijinta ya rasu ko ya tafi Kudu shekaru ba labari, tana cikin ɗakin haya da yara biyar, ta gwammace su kwana da yunwa da ta miƙa hannu. Waɗannan sai ta hanyar mata ake gano su, malamar Islamiyya, ungozoma, mai kitso, maƙwabciya.

Ku samu littafi ɗaya ku rubuta suna, inda yake kwana, daga ina ya zo, me ke damunsa. Littafin nan amana ne, ba a ɗaukar hotonsa a tura group, mutum ɗaya ne zai riƙe shi. Wanda baya so a rubuta sunansa ku ƙyale shi, abinci bai da alaƙa da suna.

Mataki na biyu: ku gaida masu gari

Kafin ku ɗora tukunya ku je wajen jauro ko lawan, wato mai unguwa, ku je wajen liman, idan akwai coci kusa ku gaida fasto ko fada shima, ku faɗa musu abin da kuke niyya, rana kaza, wuri kaza, mutum kamar nawa. Daga nan ku nemi mai unguwa ya haɗa ku da kumisariya, wato ofishin 'yan sanda, ko jandarma na yankin. Wani zai ce don zan ba mutum tuwo sai na nemi izini? Toh ku tuna tun hare-haren ƙunar baƙin wake na Yulin 2015 a Marwa hukuma bata wasa da taron jama'a, musamman taron yara da baƙin fuska, kuma suna da dalili. Gara su san da ku tun farko da su zo su tarar da mutum 60 a tsaye da kwanoni su watsa taron.

Idan aikin ya fara girma har kuna karɓar kuɗin mutane, ku yi rajistar ƙungiya. A Kamaru dokar ƙungiyoyi ta 19 ga Disamba 1990 ta ce a kai takardun ƙungiya ofishin firefe, wato babban jami'in gwamnati mai mulkin yankin, da dokokinta da sunayen shugabanni, a baku rasit. Amma kar ku tsaya jiran takarda kafin ku ciyar da mutum 20 a ƙofar gidan liman, wannan sadaka ce ta unguwa kamar yadda kakanninmu suke yi.

Mataki na uku: mutane da kuɗi

Mutum 6 zuwa 10 sun isa farawa. A raba aiki: mai cefane, masu girki, masu rabo, ma'aji, mai rubutu. Dole a samu mata a ciki, ba don girki kawai ba, don mace mai kwana a titi ba za ta faɗa wa namiji abin da ke damunta ba. A samu kuma mai jin Fulatanci, da mai jin Larabcin Shuwa ko Kanuri ko Mandara ko Mafa gwargwadon mutanen da kuka gani. Tsohuwar da aka gaishe ta da yarenta jikinta na saki nan take.

Kuɗi kuma ku yi shi kamar adashe, kaɗan-kaɗan amma tabbas. Misali mutum 20 kowa ya ba da dala ɗari a sati, wato sefa 500, jaka goma kenan, wato sefa 10,000, kuma jaka goma da kuka san tana zuwa kowace Juma'a ta fi alkawarin Alhajin da ya ce zai turo buhu goma "in Allah ya yarda wata mai zuwa". Ku buɗe lamba ɗaya ta Orange Money ko MTN MoMo, 'yan Chadi kuma Airtel ko Moov, lambar aikin ce kawai ba ta harkar wani ba. Mai riƙe waya daban, mai rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita daban. Ƙarshen wata a karanta lissafi a gaban kowa a tura shi a WhatsApp. Wallahi ba abin da ke kashe irin wannan aiki da sauri kamar zargi, ko da ba wanda ya ci ko sisi, da zaran an fara "ina kuɗin suke tafiya" shikenan mutane sun janye.

Ba kowa ke da kuɗi ba, ku karɓi abin da mutum ke da shi. Mai injin niƙa ya niƙa muku kyauta, mai moto ya kai kuloli, mahauci ya bada ƙashi da kayan ciki, mai sayar da itace ya bada dami ɗaya, mai gida babba ya bada tsakar gida a yi girki. Ku tunatar da mutane cewa kaffarar rantsuwa ciyar da miskinai 10 ce, kaffarar karya azumi da gangan 60, ga fidiyar tsofaffin da ba sa iya azumi, da yawa suna da wannan nauyi a kansu basu san inda za su kai ba. Amma kuɗin zakka ku ware shi daban ku tambayi malami, don ita tana da mutanenta guda takwas da aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa, ba a sayen tukunya ko man moto da ita yadda aka ga dama.

Mataki na huɗu: ku sayi hatsi lokacin da yake araha

Nan ne dabara take. Wanda ke sayen mudu-mudu a watan Agusta yana biyan tsada ne kawai. Ku tara kuɗi ku sayi dawa, masara, wake da gyaɗa da kaka, Oktoba zuwa Disamba, sannan ku ƙara da muskuwari, wato dawar rani, idan an girbe ta wajen Fabrairu. Shinkafar Yagwa da Maga ma tana nan idan ta fito. Wake ku zuba shi a buhun nan mai leda biyu a ciki wanda ake ɗaurewa iska bata shiga, ko a jarka mai murfi a cika ta taf, ƙwari basa rayuwa inda ba iska, ba sai kun zuba maganin da zai cutar da mai ci ba. Buhu a ɗora shi kan katako, kar ya taɓa ƙasa ko bango. Kuka, kuɓewa busasshiya, yakuwa, tafasa, daddawa, duk a saye su a lokacinsu a ajiye.

Mataki na biyar: girki

Ku zaɓi rana ɗaya, ko biyu in kuna da ƙarfi, ku tsaya a kanta. Ni a ganina kar ku zaɓi Juma'a, don ranar ce masu bara suke ɗan samu dama a ƙofar masallaci. Litinin ko Talata da dare sun fi zama ranakun wahala.

Abinci ya zama wanda mutane suka saba kuma mai riƙe ciki. Shinkafa da wake da mai da yaji, dafa-duka, tuwon dawa ko masara da miyar kuka ko yakuwa da gyaɗa, da safe kuma kunun gyaɗa da ƙosai. Kar a bada hatsi zalla, a haɗa da wake ko gyaɗa ko busasshen kifi ko da kaɗan ne, su ne ke gina jiki. Ga lissafi mai sauƙi: babban mutum ɗaya a ware masa kamar giram 150 na ɗanyen hatsi, wato mutum 50 za su ci wajen kilo 7 da rabi, ku ce shinkafa kilo 5 wake kilo 2 da rabi, da mai lita ɗaya, albasa, gishiri, magi, barkono. Da wannan lissafin buhun kilo 50 zai ciyar da mutum sama da 300. Ku ƙara ɗan abu a kai kullum, don idan kun ƙirga 40 to 50 za su zo.

Tsafta kam ba wasa, don kwalara ba baƙuwa ba ce a yankinmu musamman da damina, kuma mutumin da yunwa ta ci jikinsa gudawa ɗaya na iya kai shi lahira. Masu girki su wanke hannu da sabulu, mai gudawa ko ciwo a hannu ya huta a wannan satin. Ruwan sha na famfo ko forash, wato rijiyar burtsatse, in kuna shakka a tafasa ko a sa ƙwayar tsarkake ruwa da ake samu a farmasi. Abinci a raba shi da zafinsa, kar ya wuce awa biyu a ajiye, balle a watan Maris zuwa Mayu da zafi ke haura digiri 40, wake na lalacewa kafin ka ankara. Idan wani ya kira ku ya ce an yi biki ko suna abinci ya rage, ku je ku gani da idonku ku shinshina, wanda ya kwana ko aka jagwalgwala a ce an gode kawai. Abin da ba za ka ba ɗanka ba kar ka ba ɗan wani.

Kar a zuba abinci mai zafi a baƙar leda. Ku sayi kwanonin roba ko na silba masu araha, a ci a wurin a wanke, ko kowa ya zo da nasa. A ajiye buta da sabulu a bakin wurin, kowa ya wanke hannu kafin ya zauna.

Wanda ya kwana biyu ko uku bai ci komai ba, ko wanda kuka tarar ya galabaita, kar a tura masa tulin tuwo. A fara da ruwa da kunu mai ɗumi kaɗan-kaɗan, bayan ɗan lokaci a ƙara.

Mataki na shida: rabo, kuma nan ne ake gane mai tausayi na gaskiya

A shimfiɗa tabarma mutane su zauna, ku ne za ku kai musu. Dogon layi da turereniya wulakanci ne, kuma a layi mai ƙarfi ne ke ci, makaho da tsohuwa da ƙaramin yaro su tashi a tutar babu. Mata gefe ɗaya, yara gefe ɗaya, a fara da tsofaffi da marasa lafiya da masu ciki da masu goyo. A ware kwano biyar ko shida a kai wa waɗanda ba sa iya tasowa daga inda suke kwance.

Ku kira mutane yadda za ku kira na gida: Baba, Inna, Malam, Goggo, Yaya. "Baba ga tuwo, bismillah." "Inna ya jikin, kin samu barci jiya?" A durƙusa a miƙa da hannun dama. Wanda ya yi shekara ba wanda ya tambaye shi ya ya kwana, wannan gaisuwar kaɗai wani abu ce a wajensa.

Dan Allah ku ajiye waya. Na san masu bada kuɗi suna son ganin shaida, toh ku ɗauki hoton tukunya, buhu, rasit, hannuwan masu girki. Amma fuskar dattijo yana karɓar kwano a saka ta a Facebook ko TikTok, wannan tozarci ne, yana da 'ya'ya da dangi da surukai a wani gari da za su gani. Aya ta 264 a Baƙara ta hana ɓata sadaka da gori da cutarwa, kuma ni ban ga gorin da ya kai wannan ba a zamanin nan. Yara kuma ko sun yarda kar a ɗauka, yaro bai san abin da yake yarda da shi ba.

Kar a tambayi mutum addininsa ko ƙabilarsa kafin a bashi, kar a sa sharaɗin sai ya saurari wa'azi. Musulmi, Kirista, mai bin al'adar gargajiya, ɗan Tupuri, ɗan Masa, Bafulatani, Balarabe, cikin duk iri ɗaya ne. Haka nan ɗan siyasa idan zai bada buhu ya bada, amma ba hula ba fosta a wurin rabo.

Matan nan masu kunya da na ambata, nasu ɗanye ake kaiwa, bayan magariba, mace ce za ta kai, a cikin buhun da ba rubutu, ta shiga kamar ta zo gaisuwa.

Mataki na bakwai: ku buɗe ido kan lafiya

Ku ba likitoci ba ne, kar ku fara raba ƙwayoyi. Aikinku shi ne ku gane alamar haɗari ku kai mutum asibiti. Ku nemi nas ko ma'aikacin lafiya ɗaya a unguwa ya zama naku, ya riƙa leƙowa ko sau ɗaya a wata.

Yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5, akwai ɗan tef mai launi uku da ake auna damtsensa, idan ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11 da rabi, tamowa ce mai tsanani. Haka idan ƙafafunsa biyu sun kumbura ka danna da yatsa wurin ya lotsa bai dawo ba. Wannan ba tuwo zai warkar da shi ba, a kai shi cibiyar lafiya a ranar, akwai abincin gyaɗa na musamman a ƙaramar leda da ake bayarwa kyauta. Ku ja kunnen uwa kar ta raba shi da sauran yara ko ta sayar, magani ne, kuma hanyar da za ta iya bin wannan magana ita ce ku ba sauran yaran nata abinci.

Zazzaɓi da damina a ɗauka maleriya ce har sai an gwada, kuma a Kamaru maganinta kyauta ne ga yara 'yan ƙasa da shekara 5 a asibitin gwamnati. Masu zagawa gida-gida da maganin rigakafin maleriya na damina sukan tsallake yaran da ba su da gida, ku nuna musu inda suke. Tari da ya wuce sati biyu da rama da gumin dare, a je a gwada tarin fuka, maganinsa kyauta ne. Gudawa kamar ruwan shinkafa da amai, a ruga asibiti, a hanya ana bashi ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya na ruwa mai tsafta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Mai ciki da ke kwana a waje a raka ta awo.

Masu taɓin hankali a bi su a hankali, mutum ɗaya da suka saba da shi ya riƙa kai musu, a ajiye a ja baya, ba tsawa ba kamawa da ƙarfi ba ɗauri. Ku hana yara jifansu. Sau da yawa idan aka bi diddigi suna da dangi da ke nemansu.

Mataki na takwas: yara

Almajiri yana da malami, don haka ta wajen malamin ake shiga, da girmamawa. Ku je ku gaishe shi, ku tambayi yara nawa ne, ina suke kwana, akwai masai, akwai ruwa. Abin da ya fi amfani shi ne a farfaɗo da tsohuwar al'adarmu ta uwar ɗaki: kowane gida a unguwa ya ɗauki almajiri ɗaya ko biyu, kwanonsa na nan safe da dare, ana duba ƙazuwa da ƙwarkwata da ciwon ƙafa, ana bashi sabulu ranar Alhamis. Yaron da ya san inda zai ci ba zai yi yawo har sha ɗayan dare a bakin titi ba. Idan kun ga ana dukan yaro har da rauni ko ana tilasta masa kawo kuɗi kullum, ku sanar da mai unguwa da liman, in bai canza ba a kai maganar santir sosiyal, wato ofishin jin daɗin jama'a na gwamnati.

Yaran titi kuwa lamarinsu ya fi wuya. Wasu sun gudo daga duka ko kishiyar uwa, wasu marayu ne, da yawa sun faɗa shaƙar sholisho da shan tiramol don su manta da yunwa da sanyi. Kar a basu kuɗi a hannu, a basu abinci, sabulu, riga. Za su yi muku ƙarya, wani ma zai ɗauke muku kwano ya sayar, kar wannan ya sa ku kore shi, amana a wajen yaron da duniya ta cuta tana ɗaukar watanni.

Ƙa'ida ɗaya da ba sassauci: babba ɗaya baya keɓewa da yaro, kuma ba wanda zai ɗauki yaro ya kai gidansa ya kwana ba da sanin hukuma ba, ko da niyyarsa fara ce tas. Wannan kariya ce ga yaron da ku kanku. Ma'aikatar harkokin jin daɗin jama'a tana da santir sosiyal a ƙananan hukumomi, aikinsu ne neman dangin yaro da maida shi gida, ku san ofishin ku san ma'aikacin da sunansa. Kafin a maida yaro kuma a bincika abin da ya koro shi, kar a maida shi cikin wutar da ya gudo.

Mataki na tara: wurin kwana da takardu

Ba ku da ƙarfin gina gida, amma akwai abin da za ku iya. Kafin hunturu, tun Nuwamba, ku tara barguna, rigunan sanyi da tabarmi, don sanyin Disamba da Janairu yana kwantar da tsofaffi da yara. Da bazara randa ko jarkar ruwan sha a inuwa kusa da inda suke zama, wani ya ɗauki nauyin cika ta. Da damina tampol da gidan sauro, kuma ku roƙi masu kwana cikin mayo ko ƙarƙashin gada su tashi tun ruwan farko, mayo na cika cikin dare ɗaya ko da ba a yi ruwa a gari ba. Ku nemi masu zaure ko shagon da ba kowa su bada aro ga tsoho ko mace mai yara, da sanin jauro, a faɗi wata nawa ne tun farko don kar a yi rigima daga baya.

Takardu kuma mutane na raina su amma su ne ƙofa. Yaron da ba shi da takardar haihuwa ba zai zauna jarrabawar gama firamare ba, babba mara katin ɗan ƙasa kullum yana cikin tsoron shingen jami'ai kuma ba zai buɗe ko layin waya da sunansa ba. Jariri a yi masa rajista a meri, wato ofishin magajin gari, da wuri, wanda lokaci ya wuce masa sai an bi ta kotu, ku sa kunne don wani lokaci ana shirya zaman kotu na musamman a yi wa yara da yawa a tare. Wanda ya tsallako daga Najeriya ko Sudan ko Afirka ta Tsakiya a haɗa shi da ofishin HCR, hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Lokacin ambaliya ko gudun hijira mai yawa kuma ku kai littafinku ga ƙungiyar agaji ta Kuros Ruj (Red Cross) da meri, sunayen da kuka riga kuka tattara na iya sa a tuna da mutanen da ba sa cikin kowane lissafi.

Mataki na goma: fita daga titi

Bayan wata biyu ko uku kuna ciyarwa za ku san wanda ke da ƙarfin tashi. Ku tambaye shi me ya iya, kar ku zaɓa masa. Wani manomi ne ruwa ya cinye gonarsa, abin da yake so iri ne da kuɗin mota idan damina ta kawo. Wata ta iya ƙosai ko ƙuli-ƙuli, kasko da mai da mudun wake sun ishe ta. Wani baro ko kurar ruwa yake buƙata. Saurayi a kai shi wajen tela, makaniken moto, kafinta ko mai walda, a yi magana da ubangidan a gaban mai unguwa, ku ci gaba da bashi abinci yana koyo don yunwa ce ke sa su gudu a satin farko. Ku sayi kayan da kanku maimakon miƙa kuɗi, ku riƙa leƙawa. Mai son komawa garinsu a kira danginsa a tabbatar, a saya masa tikiti a tasha a sa shi a mota, a bashi guzuri. Ku ɗauki mutum ɗaya ko biyu a lokaci guda, wani zai tsaya da ƙafarsa wani zai dawo titi, wanda ya dawo kwanonsa na nan.

Ku ma ku kula da kanku. A yi karɓa-karɓa, rukuni biyu, wannan sati waɗannan wani sati waɗancan, don kar gajiya ta kashe aikin a wata na uku. Ba mai fita shi kaɗai da dare, 'yan mata su tashi da wuri kuma da rakiya. Kar ku yi wa kowa alkawarin abin da ba ya hannunku, "za mu duba" ta fi "gobe zan kawo maka". Idan wani sati kuɗi bai kai ba a dama kunu kawai a je, in kuma ba yadda za a yi sam, a tura mutum tun da rana ya faɗa musu yau babu, kar a bar tsoho ya jawo sanda tun daga wata unguwa ya zo ya tarar da wuri wayam.